Azumin Laraba a Kamfanin Minti

Ɗorayi, Kano

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Zariya lafiya, ke da akwatinki. Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin sabon aikin nan. A ƙarƙashin zannuwanki na cusa wannan takarda, don ba zan iya miƙa miki ita hannu da hannu ba. Kin san ni.

Na san tun daga layin farko kike dariya. Yi abinki. 'Yata na ce, kuma ban janye ba. Babarki yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ni uwarki ce, ko da yake kin girme ni da shekara shida, ke kika goye ni, ke kika koya mini riƙe fensir. Ba ni na tsara haka ba.

Jiya ina wanke-wanke Yaya Asabe ta zo ta tsaya a kaina, tana kallon katanga, ta ce, "Auta, waccan za ta tafi. Ki rubuta mata wani abu, ai ke ma uwarta ce." Kin san ta da kunyar 'yar fari, tunda ta haife ki ba ta taɓa kiran sunanki ba. Babanki ma haka, tocila ya sayo ya ajiye a ƙofar ɗaki ya ce a ba mai tafiya. Kakarki kuwa abokiyar wasanki ce, nasiharta ba za ta wuce ki dawo mata da tsaraba ba. Sai ni.

Na ce, "Yaya, me zan ce mata?"

Ta ce, "Abin da iyaye ke faɗa. Ki gaya mata inda kika yi kuskure don kada ta yi."

Na ce, "Ni da nake shekara sha biyar, yaushe na tara kuskure?"

Ta ce, "In bai ishe ki ba ki zo in ara miki nawa." Ta wuce abinta.

Ba ta san ba sai na ara ba. Akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ita, ko matan da muke aiki tare. Kin tuna matar nan ta jami'a da ta zo kamfaninmu tana binciken halin da mata ma'aikata ke ciki? Wadda ta koma ta rubuta cewa ba mu da wata damuwa, har matan layinmu suke tsine mata kullum? To, ba laifinta ba ne. Ni ce.

Kin ce aikin da kika samu irin nata ne. Za ki bi mata kina tambayarsu, ku rubuta, a kai wa manya a gwamnati su duba su yi doka a kan haƙƙin mata. Ni ban san yadda ake yin tambaya ba, amma na san yadda ake zama a tambaye ka. Saboda haka gyara zama ki ji uwarki.

Kin sha cin karyayyen mintin da ake ba mu ranar Juma'a, amma ba ki taɓa shiga inda ake yin sa ba. A kamfaninmu na Sharaɗa maza ne a kan inji, su dafa su yanka. Mu mata muna wata doguwar rumfa, a jere a kan benci, muna naɗe minti a takarda da hannu. Lokacin da aka gina wurin ba a yi zaton za a ɗauki mata ba, don haka bayan gida ɗaya aka yi, na maza, can bayan tukunyar inji. Rabin ƙofarsa ya ɓalle tuntuni, kuma a bakinsa 'yan dako suke zama suna shan rake. Ba macen da ta taɓa bi ta wurin. Kin ga ko yanzu da na rubuta kalmar a takarda sai da na waiwaya.

Dabararmu ita ce ba ma shan ruwa, daga fitowa har a tashi. Ko kurkure baki wajen alwala da taka-tsantsan muke yi, kada ruwa ya zarce ciki. Wadda abin ya ci ƙarfinta sai ta fita ta babbar ƙofa, ta zagaya katanga zuwa gidan wata tsohuwa a cikin ƙauyen Sharaɗa da take ba mu aron nata. Maigadi ya rubuta sunanta, a yanke mata rabin wuni. A da wasu kan lallaɓa bayan manyan motoci, amma tunda sojoji suka hau mulki suka fara sa mutane tsallen kwaɗo a kan irin wannan, kowa ta daina. Iya Gambo ta ce ita da gwiwoyin nan nata, in ta durƙusa tsallen kwaɗo sai dai a kirawo motar ɗaukar kaya ta tashe ta. Iya Gambo ita ce babbarmu a layi. Mijinta ya rasu, jikoki take ciyarwa, kuma bakinta ba ya hutawa, in ba goro to magana.

Kuskurena na farko bakina ne ya jawo, ni da ake cewa ba ni da baki. Masinja ya zo ya liƙa sanarwa a bango, matan suka ce 'yar boko ta karanta, tunda ni kaɗai na gama firamare. Na karanta musu cewa baƙuwa za ta zo ranar Laraba, za ta yi magana da mata, za ta ɗauki hoto. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ban taɓa ganin mutane sun yi shiru suna sauraren abin da zan faɗa ba, abin ya yi mini daɗi, sai na ƙara da nawa. Na ce, "Ina jin ma a jarida za a buga."

Rabi, da kin ga motar kamfani ranar Laraba. Lalle, kwalli, atamfa, leshi, 'yan kunnen aro. Iya Gambo ta aro sarƙar maƙwabciyarta da takalmi mai tsini, ya matse ta tun kafin mu kai titi, ta cire ta riƙe a hannu. Direba ya leƙo ya ce, "Wace ce amaryar a cikinku, in san wadda zan yi wa hon?" Iya Gambo ta ce, "Uwarka ce, ja mu je." Ni kuma, kin tuna ranar da kika birkice ɗaki kina neman shuɗin gyalenki, har kika ce akuya ce ta ja shi? Ki yafe wa akuya.

To 'yata, ga nasiha ta farko. Kada ki aika cewa kina tafe da kyamara. Mu mutane ne masu son rufin asiri. In baƙo zai zo, sai mu share tsakar gida mu tura tsummokara ƙarƙashin gado, ba don yaudara ba, don haka aka rene mu. Ki je ranar da ba a shirya miki ba. In kuwa an shirya, kada ki kalli zani, zani arowa ake yi. Ki kalli yatsu, ki kalli leɓe. Ranar nan duk jan bakin da muka shafa a kan busasshen leɓe muka shafa shi.

Baƙuwar ta iso da hantsi. Bayarabiya ce doguwa mai tabarau, mai fara'a, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Matan suka sa mata Mai Tabarau nan take. Heluma, wato Malam Ɗanjuma mai kula da rumfarmu, yana ɗan jin Turanci, ya ce shi zai yi tafinta. Ta ce a'a, mace take so. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina 'yar bokon nan? Saude, taso."

Nan ne kuskure na biyu. Kamata ya yi in ce ba zan iya ba. Amma ni ce wa babba a'a ya fi mini buhun sukari nauyi. Turancina kuwa kin san shi, in an yi magana a hankali ina ji, in na buɗe baki sai ya maƙale a wuya. Na taso ina harɗewa da gyalenki. Malam Ɗanjuma ya kawo mata kujera da kansa, ya goge da hularsa, sannan ya jawo wata ya zauna a bayana daf, ina jin numfashinsa a ƙeyata. Ita ta ɗauka kirki ne. Ba ta ce ya tashi ba.

Ki riƙe wannan da kyau. Duk mutumin da ya fi kowa rawar jiki wajen kawo miki kujera, ki tambaya ko shi ne mai yanke albashi. In shi ne, ki yi masa godiya sosai, ki aike shi nesa.

Yanzu ga babban abin kunyar. Lokacin zafi ne, rumfar kwano ce, mu kuma muna cikin leshi. Mai Tabarau, saboda kirkinta, ta sa direbanta ya shigo da lemon kwalba mai sanyi, aka buɗe aka ajiye wa kowa nata a gabanta. Kwalaben suna zufa, mu ma muna zufa. Kowa ta zuba wa tata ido. Ba wadda ta taɓa. In kin sha da hantsi, ina za ki kai shi da azahar? Kuma ba dama a tafi da shi gida, don kwalba mayarwa ake yi.

Mai Tabarau ta dube mu, ta dube ni, ta ce me ya sa ba sa sha?

Amsar gaskiya tana da kalmar nan a cikinta. Ga heluma a bayana, ga direba, ga masinja a bakin ƙofa. Sai na ji bakina ya ce, "Azumi suke yi."

Ta ce, "Dukansu?"

Na ce, "Dukansu."

Ranar Laraba, Rabi. Ba watan azumi ba, ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Sai ta juya ta kalli Iya Gambo, wadda bakinta ya yi jawur da goro, tana tauna a hankali tana yi mata murmushi. Na ce, "Ita tsohuwa ce, an ɗauke mata."

Ta ce to ita me ya hana ta sha?

Na ce, "Kara take yi mana."

Baiwar Allah ta dafe ƙirji tana ba da haƙuri, ta ce ba ta sani ba, ta rubuta wani abu a littafinta, ta ce a kwashe kada a shiga haƙƙinmu. Aka kai wa 'yan dako. Muna kallo ta taga suna ɗaga kwalba suna gyatsa. Iya Gambo ta taɓo ni ta ce, "Jikata, me kika ce mata ta kwashe? Ni kallonsa ma daɗi yake mini." Na ce, "Cewa na yi kun gode."

Nasihata a nan gajera ce. In kin miƙa wa mai jin ƙishirwa ruwa ta ƙi karɓa, kada ki rubuta dalilin farko da aka ba ki. Ki bari sai kun keɓe, ki sake tambaya.

Daga nan ta fara tambayoyinta. Ko mun san haƙƙinmu, ko ana biyanmu daidai da maza, ko akwai abin da ke damunmu. Kowa ta sunkuyar da kai ta ce alhamdu lillahi, ni kuma in juya. Wannan bai ba ni wahala ba. Sai aka zo kan Iya Gambo. Ta tofar da goro a hannu, ta gyara sarƙar aro, ta miƙe tsaye ba takalmi.

Ta ce, "Faɗa mata, jikata. Ce mata mu ba raƙuma ba ne. Ce mata tun kafin ki yi haƙora nake naɗe minti a nan, ban san ɗanɗanon ruwan famfon kamfanin nan ba. Ce mata maza suna da nasu wurin, har da jarida suke shiga. Mu kuwa sai mun yi tafiya kamar masu zuwa cin kasuwa, mu dawo a ce mun yi yawo. Ba mu ce a gina mana bene ba. Rami, katanga, ƙofa mai sakata. Ko sakatar ma mu sayo da kanmu."

Heluma ya yi gyaran murya ya ce, "Iya, a dai bi a hankali."

Ta ce, "Kai Ɗanjuma, na ci tuwon sunanka. Bari in gama."

Ta ci gaba. Ta nuna Talatu, wadda sabon aure ne da ita a lokacin, ta ce gobe in ta samu ciki yaya za ta yi? Ta yi magana har sai da ta gaji ta zauna. Mai Tabarau ta ɗaga biro tana kallon bakina. A daidai lokacin Manaja ya iso bakin ƙofa don ya gaishe ta.

Ba wai ban san kalmar da Turanci ba. Tun aji uku na san ta, da ita muke ɗaga yatsa mu nemi izini. Amma in faɗe ta a gaban Manaja, da heluma, da direban da ban sani ba? Na buɗe baki, na ji kunnuwana sun yi zafi, na ce, "Ta ce suna murna da zuwanki, kuma aiki lafiya lau."

Ki ji adalcin matar nan. Ba ta yarda nan take ba. Ta ce, "Shi ke nan? Ai ta daɗe tana magana."

Na ce, "Haka tsofaffinmu suke gaisuwa. Da tsawo."

Sai ta yi dariya, ta taso ta kama hannun Iya Gambo da hannu biyu tana cewa na gode, na gode. Iya Gambo ta juyo ta ce da mata, "Kun gani? Ta ji. Har ta yi alkawari." Wata ta rangaɗa guɗa, rumfa ta ɗauka. A nan aka ɗauki hoton. Kowa baki har kunne, ni kaɗai nake kallon ƙasa. Da muka fito heluma ya wuce ta gefena ya ce a hankali, "Yarinya mai hankali." Shi kaɗai ya san abin da na yi, kuma ba ni na gaya masa ba.

'Yata, in aiki ya kai ki inda ba kya jin yarensu, ki sa ido a kan tafinta. In mace ta yi maganar da za a dafa shayi kafin ta gama, tafinta ya ba ki kalma biyar, to sauran yana cikinsa. Ba lalle mugu ba ne. Wataƙila yarinya ce da gyalen aro wadda kunnuwanta suka yi zafi. Ki ja ta gefe, inda ba namiji, ki ce ta sake faɗa.

In kuma Hausawa ne, kada ki ce ai kin huta. Lafiya lau ɗinmu iri-iri ce. Akwai ta lafiya, akwai ta wadda ba ta karya ba, akwai ta wadda mai gidan haya ya ba wa sati guda. Kuma kada ki tambayi mace ko tana da matsala. Babbar tambaya ce, ba ta da inda za a kama ta, sai a ce alhamdu lillahi a ajiye. Ki yi ƙarama. Ki ce, "Yau kin sha ruwa?" Da haka aka tambaye ni, ina jin da na iya cewa a'a, don kalma ɗaya ce. Ki shiga motar kamfani tare da su da yamma, nan ake maganar gaskiya, har da wadda ba ki tambaya ba.

Kuskuren da ya fi duka shi ne wanda ya biyo baya, don shi ba a tsaye na yi shi cikin ruɗewa ba. A zaune na yi shi, kullum. Matan suka shiga jira. Duk motar da ta shigo da yashi sai a leƙa taga. Wata rana aka sauke bulo da siminti a tsakar kamfani, Iya Gambo ta raba goro, har aka fara gardamar wadda za ta fara shiga. Ita ta ce ita ce babba, ita za ta buɗe. Magina suka yi aiki, muna kai musu karyayyen minti muna yi musu sannu. Da aka gama, rumfar ajiye motar Manaja ce.

Bayan nan masinja ya kawo labari cewa abin da baƙuwa ta rubuta ya iso ofis. An ce matan kamfanin nan ba su kawo wani kuka ba, suna cikin walwala, ga su da riƙon addini. Manaja ya sa hoton a gilashi ya rataye a bayan kujerarsa. Iya Gambo ta ce, "An toshe mata baki da katan ɗin minti. Allah Ya sa haƙoranta su zube ɗaya bayan ɗaya, na gaba su fara." Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin, Rabi. Da bakina. Tun daga ranar, duk sanda na tuna da matar sai in yi wa haƙoranta addu'a a ɓoye.

Kin tuna lokacin da na kama azumin nafila, Yaya tana cewa Auta ta zama malama? Ƙaryar nake son cikewa. Na rama nawa, na rama na Talatu, sannan na duba tsawon layinmu na ga ba zan iya rama wa kowa ba.

Saboda haka in kin yi kuskure a aikin nan, ki faɗa ranar. Ranar farko nauyinsa na kwano ne. Yanzu nawa ya kai turmi, kuma ba ni kaɗai yake dannewa ba.

Ga inda muke. Kin san yadda gari yake, kaya ba sa shigowa, kamfanoni suna sallamar mutane. A Calawa inda babanki yake aikin fata an tura wasu gida. Mijin Talatu yana cikin waɗanda aka sallama daga masaƙa a Bompai, ita ce take riƙe da gidan, ga cikin da Iya Gambo ta yi hasashe ya zo, har ya tsufa. Mai ciki ba ta iya dabararmu. Ta fita, ta sake fita, heluma ya ce in ta ƙara sau ɗaya a bakin aikinta. Sai ta daina shan komai. Satin da ya wuce jiri ya ɗebe ta a kan benci, minti ya watse a ƙasa. A asibiti aka ce ta riƙa shan ruwa da yawa. Ta dawo tana dariya ta ce, "Likita ya rubuta mini takardar kora."

Ni kuwa heluma ya gaya mini ko za a sallami rumfar gaba ɗaya, ni ina nan. Kin ga abin da ƙaryata ta saya mini.

To, Mai Tabarau za ta dawo Laraba mai zuwa, wai zagaye na biyu. Malam Ɗanjuma ya riga ya kira ni ya ce, "Ke za ki sake tsayawa. Yadda kika yi wancan karon." Iya Gambo ma ta kira ni ta ce, "Jikata, ki je ki yi bitar Turancinki. Na tanadi zagi kala-kala, kuma so nake ki juya mata shi ba ragi. Yaya ake ce wa mai ƙwaƙwalwar kifi da Turanci?" Na ce zan duba.

Na gwada koyon jarumta. Ina zuwa bayan ɗaki in tsaya a gaban akuya in faɗi kalmar da Turanci. A gabanta tana fita sarai, har da ƙarin bayani. Shekaranjiya ina cikin yi babanki ya yi tari a zaure, sai na ji kaina ina tambayar akuya ya gida ya yara. Nan na gane cewa in jarumta ake jira, Talatu za ta haihu ta yaye ban samu ba.

Kafin in gaya miki abin da na yanke, bari in sauke sauran nauyin uwa. Kada ki bar salla ta wuce ki saboda aiki. Ki gaida na gaba da ke. Kada ki ba da aron tocilar babanki. Akwai ƙullin yaji da dambun nama a kusurwar akwatin, babarki ce ta saka, ta ce in kin tambaya in ce ni ce. Tun asuba take tsaye a kan dambun nan, tana cewa hayaƙi ne yake sa mata hawaye, alhali wutar ta mutu. Ki rubuto takarda, ki ce tawa ce, zan karanta da ƙarfi a tsakar gida inda za ta ji tana tsintar shinkafa. Kuma duk ofishin da aka kai ki, ranar farko ki tambayi inda mata ke zagawa. Kada ki ji kunya. Kunyar gidan nan ni na kwashe ta duka, ban rage miki ba.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane. Allah Ya sa abin da za ki rubuta ya zama gaskiya, Ya sa manyan da za a kai wa su karanta har ƙarshe. Allah Ya sauki Talatu lafiya. Allah Ya bar wa Mai Tabarau haƙoranta.

Abin da na yanke shi ne wannan, kuma ban gaya wa kowa ba. Ranar Laraba da kayan aiki zan je. A mota zan zauna kusa da Iya Gambo in gaya mata komai, zagin da ta tanada ba zai yi asara ba, ni zan karɓa. Amma kafin in fita daga gida zan sha kunu, in bi shi da ruwa moɗa biyu. In baƙuwa ta sake kawo lemo, ni zan fara ɗauka, in shanye nawa, in shanye na duk wadda ta bari. Na san jikina. Kafin Manaja ya zo gaisuwa, zan kai inda kunya ba ta da sauran iko a kaina. Sai in ɗaga yatsa kamar 'yar aji uku, in faɗi kalmar a gaban kowa, in roƙi Mai Tabarau ta raka ni, tunda ita ma mace ce. Mu bi ta gaban 'yan dako ta ga rabin ƙofa. Mu fita ta babbar ƙofa maigadi ya rubuta sunana, in ya so ya rubuta nata. Mu zagaya katanga a cikin rana har gidan tsohuwa. Ba sai na juya mata komai ba, ƙafarta za ta ji.

Wataƙila daga can ba zan koma benci ba. In haka ta faru, kin san haƙƙin uwa a kan 'ya, sai ki riƙa aiko mini da kuɗin sabulu.

Shuɗin gyalenki yana ƙasan wannan takarda, na wanke na goge. Babbar moɗar nan ta Yaya kuwa na riga na ɗauko ta na ajiye a bakin randa.

Uwarki,
Saude